Mai Bokitin da Ba a Raɗa wa Suna Ba

A gidan kallon unguwarmu a Azare ba a kallon fim baki rufe. Da zarar mutum ya leƙo a allo, sai an nemo mai kama da shi a cikin gari an manna masa. Mai ƙaton ciki ya zama mahaucin bakin tasha, ɗan sanda mai gashin baki ya zama tsohon hedimastanmu, matar da ta cika faɗa kuwa kowa ya san matar wane ce, sai dai a yi dariya a haɗiye sunan. Daga nan har a tashi ba wanda zai sake tuna ainihin sunan ɗan wasan. Idan kana zaune aka ba ka ɓarawo, haƙuri za ka yi ka zauna da satarka, don in ka kuskura ka yi fushi sunan zai bi ka har kasuwa. Na tashi na tarar ana haka, kuma na sha dariyar mutane ba kaɗan ba. Ban taɓa jin tsoron abin ba sai daminar da Baba ya ce a kai shi.

Baba malamin wasanni ne a firamare har ya yi ritaya, kuma shi ya riƙe ƙungiyar ƙwallon unguwa tun ina goye. Duk wani mai gemu a layinmu da ya taɓa taka tamaula ya sha zagaye fili a hannunsa. Koci ake ce masa, har a masallaci. Ƙungiyar dai ba ta taɓa cin wani kofin kirki ba. Sukan cika motar haya su tafi Yana ko Bulkachuwa da kirari, su dawo shiru, washegari kuma Baba ya rataya usur ɗinsa ya fita fili kamar ba abin da ya faru.

Ba shi kaɗai yake wannan wahala ba. Yana da aboki da duk gari ke kira Likita, ko da yake malamin asibiti ne. Kirista ne daga kudancin Bauchi, aiki ya kawo shi Azare yana saurayi, ya zauna har ya yi furfura. Gajere ne mai tumbi, kuma aikinsa a ƙungiya shi ne bokiti da soso. Da yaro ya faɗi, sai ka ga Likita ya sheƙo a guje, bokitin yana dukan gwiwarsa, kafin ya isa rabin ruwan ya zube a hanya. 'Yan kallo sun fi son wannan gudu da wasan kansa. Shi da Baba kullum cikin musu suke, amma ban taɓa ganin Baba ya ci naman Sallah ba sai an kai wa Likita nasa.

Wata safiya Baba ya faɗi a tsakar gida yana alwala. Shanyewar ɓarin jiki ce, ta taɓa hagu. Da za a sallame mu daga asibiti, likitan gaske ya kira ni da Inna gefe ya ce hawan jinin bai gama sauka ba, a kiyaye shi daga fushi da firgici da duk wani labari mai tayar da hankali. Inna ta ɗauki maganar ta mai da ita doka. Ta ɓoye rediyo a ƙasan gadonta. Duk mai zuwa dubiya sai ta tare shi a zaure ta karanta masa abin da zai faɗa da wanda ba zai faɗa ba. Ni kuma na koyi riƙe hannun Baba kamar ina taimaka masa, alhali bugun jininsa nake saurare da yatsa.

Likita ne yake zuwa kullum da yamma ya miƙe masa hannu da ƙafa, suna musu a kan wasannin da aka yi tun ban san kaina ba. Shi ya tsaya har Baba ya fara takawa da sanda. Sai kuma shi, mai lafiyar, ya kwanta da zazzaɓi, kafin mako ya zagayo ya rasu. Aka tafi da shi garinsu aka binne. Na je na dawo ban ce wa Baba komai ba. Inna ta ce masa Likita ya je gida duba gona. Baba ya tambaya, ya sake tambaya, daga baya ya daina. Duk lokacin da aka yi sallama da yamma sai ya ɗaga kai ya kalli ƙofa.

Sana'ata tura fina-finai ce a waya, ina da ɗan shago kusa da tasha, kuma ba na tura abin da ban kalla ba. A wannan damina aka fito da fassarar wani fim na ƙwallo da ya tashi kan samari. Labarin yaran masunta ne a wani ƙauyen bakin teku, marasa takalma, da wani tsoho mai gyaran raga da ya tattara su ya kai su gasar da manyan birane ke shiga. Irin fim ɗin nan ne da ka san ƙarshensa tun daga farko amma duk da haka sai ya taɓa maka zuciya. Lokacin Turawa sun tafi hutun ƙwallo, gidan kallo ya zama kufai, sai mai gidan ya ce zai saka shi a babban allo ranar Juma'a bayan la'asar.

Wanda ya jawo mini masifar shi ne mai facin bakin titi, tsohon mai tsaron baya a ƙungiyar Baba, mutumin da bakinsa ba ya da birki. Ya zo dubiya, ya ci jarrabawar Inna a zaure, ya shiga ya zauna, sai kawai ya ce, “Koci, wallahi an yi fim ɗinka. Tsohon nan kai ne sak, har tafiyar.”

Baba ya juyo ya kalle ni. “Ranar Juma'a za ka kai ni.”

Na ce akwai zafi a ciki. Ya ce akwai fanka. Na ce bencin ba shi da majingina. Ya ce a ɗauki kujerarsa. Inna ta leƙo ta ce, “Haba Malam, kai da gidan kallo, cikin yara?” Ya ce yaran nan duk shi ya koya musu ɗaure igiyar takalmi. Muryarsa ta fara hawa, jijiyar wuyansa ta tashi, muka ga hana shi ma fushi ne, fushin kuma shi aka ce mu guje wa. Inna ta harare ni kamar ni na shirya fim ɗin.

Abubuwa biyu ne suka hana ni sukuni, kuma na san su ne don na riga na kalla. Na farko, a cikin ƙungiyar masuntan akwai wani gajere mai tumbi da yake shiga fili a guje da bokiti da soso. Ko makaho aka kai ɗakin nan ya ji ƙarar bokitin zai ce ga Likita, daga nan kuma wani zai ce Allah sarki, wani ya ce ashe rai, shi ke nan an gama. Na biyu ya fi muni. Ana gab da wasan ƙarshe, tsohon kocin yana tsaye a bakin fili yana ihu, sai bakinsa ya karkace, hannunsa ya saki, ya zube. Wanda ya shirya fim ɗin bai ji tausayin kowa ba, ya kawo kyamara har kan fuskar.

Ranar Alhamis na rufe shago na bi mutane ɗaya bayan ɗaya. Na fara da mai gidan kallo, na roƙe shi ya tsallake wurin faɗuwar. Ya ce, “Kai ma ka san ba zai yiwu ba. Rabin masu zuwa sun gani a waya, kai ka tura musu. In na yanke za su tashi da ihu, shi kuma Koci ya tambayi me aka yanke.” Gaskiyarsa ce, amma na ji kamar in shaƙe shi. Daga nan na je wurin mai faci, da mai shayi, da majalisar 'yan acaɓa. Kowa na faɗa masa magana ɗaya: Baba bai san Likita ya rasu ba, don girman Allah in mai bokiti ya fito kada wanda ya ambaci sunan. Mai faci ya dafa ƙirji ya ce a bar masa, duk wanda ya buɗe baki zai cusa masa tsohuwar taya. Na koma gida ina ganin na toshe rami ɗaya, saura ɗaya.

Juma'a aka yi yayyafi da rana, gari ya yi laushi. Baba ya sa farar riga, ya ce a ɗauko masa hular ƙwallonsa da ta koɗe. Inna ta ba ni maganinsa a leda, ta ce in na ga ko idonsa ya canza in fito da shi ko yana zagina. Muka shiga adaidaita da kujerarsa ta roba a kan cinyata.

Ɗakin langa-langa ne mai warin gumi da hayaƙin janareta, kuma ban taɓa ganinsa a cike haka ba in ba ranar wasan ƙarshe ba. Labari ya zaga cewa Koci zai zo. Da muka shiga aka miƙe, manyan mutane masu 'ya'ya suna cire hula suna durƙusawa. Aka ajiye kujerar a gaba ƙarƙashin fanka. Na tsuguna a hagunsa na riƙe hannun da ba ya motsi sosai, yatsana a inda ya saba zama.

Ana farawa aka shiga rabon sunaye. Golan masunta da yake rufe ido in an buga masa ƙwallo ya zama mai shayi, wanda a zamaninsa aka taɓa zura masa ƙwallo yana gaisawa da surukinsa a bayan raga. Lafari mai son zuciya ya zama wani ɗan acaɓa da ke zaune a baya, ya ɗaga hannu ya karɓa. Ƙungiyar masu kuɗi mai sabbin riguna aka ce 'yan cikin gari ne, yaran masunta kuwa mu ne, ba musu. Da tsohon mai gyaran raga ya fito yana ɗingishi da usur a wuya, ɗakin ya ɗauka baki ɗaya: “Koci! Koci!” Baba ya yi dariya da rabin bakinsa mai aiki. Rabon da in ji wannan dariya tun kafin ya faɗi. Na ji daɗi, na kuma ji tsoro, don bugun da ke ƙarƙashin yatsana ya ƙara sauri.

Ya shiga fim ɗin sosai. Yaran masunta suka sha kashi a wasansu na farko, Baba ya ce laifin kocin ne, ya bar tsakiya a buɗe. Mai faci ya ce, “To ai kai ne, Koci.” Baba ya ce, “Shi ya sa na sani.” Aka kwashe da dariya.

Sai wani yaro ya faɗi a fili yana riƙe da ƙafa, gajeren nan ya sheƙo da bokiti, ruwa yana fallatsa, tumbi yana rawa. An shirya wurin ne don a yi dariya, har mai fassara ya ƙara masa gishiri. Ba wanda ya yi dariya. Ɗakin da tun ɗazu ba ka jin maganar na kusa da kai ya yi tsit, sai ƙarar janareta daga waje da kaɗawar fanka. Wani ya yi tari. Mai faci ya sunkuyar da kai yana duba farcensa. Na saci kallon Baba. Idonsa na kan allo, fuskarsa ba ta nuna komai ba. Mai bokiti ya gama shafa wa yaron soso ya fita, surutu ya dawo a hankali. Na sauke numfashi na ce a raina Allah ya yi wa mutanen nan albarka, sun cika alkawari. Ya sake fitowa a wasa na gaba, da na gaba, kowane lokaci kuma shirun nan ya sake sauka.

Yaran suka fara cin wasa. Aka ba su takalma na aro da suka yi musu yawa, suka cusa tsumma a ciki, wani dattijo a bayana ya ce wallahi haka suka yi a Sakwa. Da suka farke ƙwallo a minti na ƙarshe, samari suka hau benci, mai gidan kallo yana ihu a sauka kada a karya masa katako. Mutanen da suka kalli fim ɗin nan a waya har sun haddace shi suna addu'a kada fenareti ta shiga. Ni ban ga komai a ciki ba. Lissafin abin da ya rage kafin wurin faɗuwar kawai nake yi, gumi yana bin bayana. Na raɗa wa Baba cewa lokacin magani ya yi, mu fita ya sha iska. Ya ce in ba shi a nan. Na ce fitsari fa? Ya ce in ni nake ji in je.

Waɗanda suka san fim ɗin su ma sun san me ke tafe, kuma sai a lokacin na ga abin ya faɗo musu. Ban roƙe su komai a kan wannan ba, amma na ga suna kallon juna. Mai faci ya gyara murya ya ce da ƙarfi, “Kai jama'a, na sake dubawa, tsohon nan ba Koci ba ne. Ku dubi hancinsa. Wannan ai kakan mai shayi ne.”

Mai shayi ya karɓe da sauri. “Shi ne wallahi, kakana ne, har ɗingishin.”

“Koci ya fi shi tsayi,” in ji wani daga baya. “Koci bai taɓa sa irin wannan wando ba.”

Tunda nake ban taɓa ganin an janye suna a ɗakin nan ba. In an manna maka, an manna ke nan. Ga shi manya da yara sun taru suna ƙoƙarin ɓamɓare shi daga jikin tsohon kafin ya zube, kowa yana kawo hujjar da ta fi ta ɗan'uwansa rauni. Na ji ƙwalla ta cika mini ido, na kuma ji haushinsu, don ƙarara abin yake, ko yaro zai gane.

Baba ya buga sandarsa a ƙasa. Ba da ƙarfi ba, amma aka yi shiru irin na da, lokacin da yake hura usur.

“Ku bar mini abina,” ya ce. “Ni ne. Tun farko kuka ba ni, ba mai karɓewa.”

Ba a jima ba tsohon ya tsaya a bakin fili yana ihu, bakinsa ya karkace, hannunsa ya saki, ya zube a kan ciyawa. Kyamara ta zo kan fuskar. Wani a baya ya ce innalillahi a hankali. Ni ban kalli allo ba, Baba nake kallo, na danne hannunsa har sai da na ji ƙashi. Bugun yana gudu. Na riga na tsara yadda zan ɗauke shi, da ƙofar da zan bi, da wanda zan ce ya kawo mota. Baba ya kalli wurin har ƙarshe bai ƙifta ba. A allo mai bokiti ne ya fara isa kan tsohon, ya yar da bokitin, ya tallafi kansa. A nan ne kawai na ji hannun Baba ya yi wani ɗan motsi a cikin nawa.

Sauran fim ɗin kowa ya san yadda irinsa ke ƙarewa. Yaran suka buga wasan ƙarshe kocinsu yana gadon asibiti, aka ci su, suka farke, suka ƙara, suka ɗauki kofi a guje har bakin gadonsa. Ɗakin ya kaure. Mai faci yana kuka da majina yana rantsuwa hayaƙin janareta ne. Samari suka zo za su ɗaga Baba da kujerarsa sama, na daka musu tsawar da har yau wasu ba su yafe mini ba. Baba ya ɗaga hannunsa mai lafiya, suka bi layi suna gaisawa da shi. Da muka fito rana ta yi ja, ƙasa tana ƙamshin ruwa. Na duba idonsa, na duba bakinsa, komai yana inda yake. Na ce alhamdu lillahi, mun tsallake duka biyun.

Muka shiga adaidaita. Na faɗa wa direba layinmu. Baba ya ce, “Ba gida ba. Ka bi ta bayan asibiti.”

Bayan asibiti gidan Likita yake. Na ce, “Baba, magariba ta kusa, Inna tana jira.”

“Cire yatsanka daga hannuna,” ya ce. “Ka ishe ni da awo tun ɗazu.” Na cire. Da muka wuce shataletale ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, “Mutum ya fito da bokiti yana gudu yana zubar da ruwa, a ɗaki cike da marasa kunyar da na raina da hannuna, a ce ba wanda ya ce ga Likita? Ko yana ƙasar waje sai sun faɗa. Yaushe ne?”

Na faɗa masa. Na faɗa masa zazzaɓi ne, bai daɗe yana jinya ba, an kai shi gida, na je, mutanen unguwa da yawa sun je. Ina magana ina kallon jijiyar wuyansa, ledar magani a damƙe a hannuna. Ya gyaɗa kai. Hawaye ya gangaro ta ɓangaren da ya shanye, inda ba ya jin saukarsa, bai share ba, ni ma ban yi ƙarfin halin share masa ba.

A ƙofar gidan ya ƙi in riƙe shi. Ya sauka da sandarsa, ya ja ƙafar hagu har bakin zaure, ya cire hular ƙwallon, ya yi sallama da kansa. Matar Likita ta fito da zani a kafaɗa. Da ta gan shi ta dafe bango.

“Koci,” ta ce, “sun gaya maka?”

“Sun gaya mini, Mama,” in ji Baba. “Duk unguwa suka taru suka gaya mini. Sannu da haƙuri. Na zo a makare.”

Ta kauce ta ba shi hanya, ya shiga a hankali. Wayata tana ta ƙara a aljihu, na san Inna ce. Na tsaya a waje riƙe da kujerar roba, na bar ta tana ƙara.